Ƙaramin Kare a Landan: Ina Za a Kai Shi Yawo, Ina Kuma Za a Zauna?

Wanda ya baro Kano ko Damagaram ya sauka a Landan yakan daɗe kafin idonsa ya saba da ganin kare kwance ƙarƙashin tebur a shagon shayi, mai shago kuma ya ajiye masa kwanon ruwa tun kafin ya tambayi mai shi abin da zai sha. A gida kare na gadi ne ko na farauta, kuma waje ne wurinsa. A nan ɗan gida ne. Da yawa daga cikinmu ba mu je neman sa ba, zama ne ya haɗa mu: mai aikin kula da tsofaffi da ta tarar fitar da karen tsohuwa yana cikin aikinta, ɗalibin da ya kama ɗaki a gidan masu kare, wanda ya yi aure cikin dangin da ba sa rabuwa da shi, ga kuma waɗanda tun a Jos ko Kafanchan suke kiwon abinsu. Hukuncin ajiye kare a gida magana ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan tuna wa mai karatu kawai shi ne, a mazhabar Malikiyya da akasarin Musulmin ƙasar Hausa ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wannan ya sauƙaƙa wa mutane da dama. Da wanda igiya ta riga ta shiga hannunsa nake magana, karen kuma ƙarami ne, ɗan birni, ya saba da ɗaki da kwalta, ga Asabar ta zo ana tunanin inda za a nufa.

Abin da aka fi yi shi ne a buɗe taswira, a nemi inda kore ya fi faɗi, a ce can za a je. Wannan lissafin babban kare ne. Karen da nauyinsa bai wuce kilo 5 zuwa 8 ba, wanda tsakanin cikinsa da ƙasa bai fi tafin hannu ba, ba ruwansa da yawan hekta. Kafin ka yi taku ɗaya shi ya yi da yawa, sanyi yana kama shi da wuri, kududdufin da babban kare zai tsallake kuwa shi sai ya kai masa ƙirji. Don haka ni abin da nake dubawa shi ne irin ƙasar da zai taka, da nisan da ke tsakanin inda zai gaji da inda za mu samu kujera, sannan yadda za mu isa wurin tun da farko. In aka auna da wannan, wuraren da suka fi suna ba su ne ke zuwa gaba ba.

In aka ce in zaɓi wuri ɗaya tak, Battersea Park zan ce. An buɗe shi a 1858 a kudancin kogin Thames, a kan ƙasar da a da fadama ce aka cike, faɗinsa kimanin hekta 83. Wannan asali nasa ne ya sa yake shimfiɗe, babu tudun da zai sa mai gajerun ƙafafu haki. Hanyoyinsa a gyare suke, ko an kwana ana ruwa za ka dawo gida da kare ba tare da ya koma launin ƙasa ba. Akwai faffaɗar hanya da ta zagaye filin, tsawonta bai kai kilomita 3 ba, kuma daɗinta shi ne duk inda kare ya nuna ya gaji kana iya yankewa ta tsakiya ka ɓullo bakin tafki cikin 'yan mintoci. A bakin tafkin nan Pear Tree Cafe yake, da kujeru masu yawa a waje, kuma da wuya ka je ba ka tarar da karnuka a kwance tsakanin ƙafafun masu su ba. Sai dai a kan hanyar zagayen akwai masu keke da masu gudun motsa jiki, don haka wurin sakin igiya shi ne kan ciyawa, nesa da kwalta.

Unguwar kanta ta daɗe da karnuka. Gidan karɓar karnukan da suka ɓata ko aka yasar, Battersea Dogs and Cats Home, wanda Mary Tealby ta kafa a Holloway a 1860, nan ya ƙaura tun 1871, kuma yana nan har yau. Gadar Albert da aka buɗe a 1873, wadda ta haɗa filin da Chelsea, yawan karnukan da ke bi ta kanta ya kai har an sa fitsarinsu cikin abubuwan da suka ruɓar da katakon da ke ƙarƙashin kwaltarta, domin can ƙetare babu babban fili a kusa, kowa nan yake tsallakowa. Wannan yana da amfani ga ƙaramin kare, saboda da yawa daga waɗanda zai haɗu da su irinsa ne, 'yan gidajen bene, sun saba da mutane da junansu. Ranar da ruwan sama ya tsuge kuma akwai mafaka a kusa: tsohuwar tashar wutar lantarki ta Battersea, wadda aka sake buɗewa a Oktoban 2022 a matsayin rukunin shaguna da wuraren cin abinci, tana barin a shiga da kare a igiya, ko da yake kowane shago da nasa tsarin. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke wurin sabuwa ce, ta Satumban 2021, tana da lif daga titi har inda jirgi ke tsayawa.

Aibin Battersea biyu ne a ganina. A farkon Nuwamba ana yin gagarumin wasan wuta a cikin filin, kuma ƙarar tana firgita ƙananan karnuka har su tsinke da gudu. A waɗannan darare ko kusa kada a je. Na biyu, wuri ne da aka tsara aka share, babu daji. Kare mai jinin farauta zai zagaye shi ya dawo gida da sauran ƙarfinsa, ya huce a kan takalmanka.

Irin wannan kare Hampstead Heath yake so. Ƙanƙanta ba ta nufin rauni: Jack Russell da border terrier ƙanana ne, amma don bin dila da shiga rami aka samar da su, kuma za su yi awa biyu suna hawa da sauka ba su nuna gajiya ba. Heath kimanin hekta 320 ne a arewacin birni, hukumar City of London ke kula da shi tun 1989, kuma an bar shi da kamarsa ta daji: kurmi, kwari, doguwar ciyawa, kurege ko'ina. Daga kan Parliament Hill, mai tsayin mita 98, ana hango tsakiyar Landan gaba ɗaya. Ga mutum babu abin da ya kai shi daɗi, kuma na san dalilin da ya sa kowa shi yake fara ambata.

Amma a duba ƙasarsa. Samansa yashi ne, ƙarƙashin yashin kuma yumɓu, ruwa yana ratsa yashi ya tarar da yumɓu ya rasa hanya sai ya ɓullo ta gefen tudu. Daga Nuwamba zuwa Maris hanyoyin cikin kurmi laka ce irin ta fadama a tsakiyar damina. Karen da nake yawan fita da shi dachshund ne na wata dattijuwa maƙwabciyata, mai dogon baya da gajerun ƙafafu. A Heath cikin hunturu lakar tana manne wa gashin cikinsa ta yi nauyi, iska ta buge ta ta yi sanyi, sai ka ga ya tsaya cak ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya yana rawar ɗari yana kallon fuskarka. Daga nan kuma ɗaukarsa za ka yi, da lakar da komai, kuma kujera mafi kusa tana iya zama tafiyar minti ashirin. Ga wannan irin akwai wata damuwar: dachshund yana da saurin kamuwa da ciwon ƙashin baya, likitocin dabbobi kuma suna hana shi yawan tsalle da hawan matakala. Tudu mai santsi ba wurinsa ba ne. Akwai tafki ɗaya a ɓangaren Highgate da aka keɓe don karnuka su yi iyo, sai dai manyan karnuka ne ke faɗawa da gudu suna bin ƙwallo, ƙarami in ya tsaya a bakin hanyarsu sai su bangaje shi ba da gangan ba. Sannan a cikin ciyawar Heath ƙaramin kare in ya yi nisan taku goma ya ɓace wa ido. Wanda ba ya dawowa da an kira sunansa, kada a sake shi a nan.

Inda Hampstead ya yi wa kowa fintinkau shi ne mashaya. Spaniards Inn da ke gefen arewa, wanda ake danganta gininsa da 1585, yana da lambu babba kuma an san shi da maraba da karnuka. A cikin unguwar akwai Holly Bush da Flask, tsofaffin gidaje masu ƙananan ɗakuna da ɗumi. Wanda ba ya shiga mashaya yana da shagon shayin gidan Kenwood, mai faffaɗar farfajiya inda masu karnuka ke zama, da wani kuma a gindin Parliament Hill. Cikin bazara wannan ya wadatar. Cikin hunturu zaman waje da jiƙaƙƙen kare ba hutu ba ne. Batun isa wurin kuma, tashar Hampstead ita ce mafi zurfi a duk jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, kimanin mita 58, lif ake hawa, matakalarta kuma ta haura 300. Ya fi sauƙi a bi jirgin ƙasa na Overground a sauka a Hampstead Heath ko Gospel Oak, da fitowa sai fili.

Richmond Park kuwa shi ne wanda nake roƙon mai ƙaramin kare ya yi dogon tunani kafin ya je. Shi ne mafi girma cikin filayen sarauta takwas na Landan, kusan hekta 1,000, Sarki Charles na ɗaya ne ya kewaye shi da katanga a 1637 don farauta, kuma har yau bareyi kimanin 600 ne ke yawo a sake a cikinsa. Ba na gidan zoo ba ne, na daji ne. Daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Yuli, lokacin haihuwarsu, doka ce kowane kare ya kasance a igiya a ko'ina cikin filin. Dalili kuwa, uwar takan ɓoye ɗanta a cikin ciyawa ta koma gefe tana kiwo, in ta ga kare ya doshi wurin sai ta taso masa, kuma tana iya bin ku ko da yana a igiya. Daga Satumba zuwa Nuwamba kuma lokacin barbara ne, mazan masu manyan ƙahoni suna cike da fushi. Barin kare ya kori barewa laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Babban kare in an kai masa hari yana da jikin da zai ɗauka. Mai kilo 6 kofato ɗaya ya ishe shi.

Ga kaska. Inda barewa take nan kaska take, a kan doguwar ciyawa tana jiran abin da zai gifta, kuma tsayin ƙaramin kare daidai yake da inda take maƙale. Tana iya ɗauke da cutar Lyme, wadda ke kama kare ta kuma kama mutum. Duk wanda ya shiga ciyawar Richmond, da ya dawo gida ya bi jikin kare da yatsu, musamman bayan kunne da hammata da tsakanin yatsun ƙafa. Wurin zama ma akwai matsala: Pembroke Lodge, babban gidan shayin filin, ba a shiga lambunsa da kare. Hanyar da ta zagaye filin kuma ta kusa kilomita 12, daga tashar jirgi zuwa ƙofar farko ma hawan tudu ne na fiye da minti ashirin, wato kafin a shiga ƙarami ya ci rabin ƙarfinsa.

Wannan ba ya nufin a yafe Richmond. A bar filin bareyi, a sauka bakin kogi. Daga tasha a ratsa ta Richmond Green a gangara zuwa gaɓar Thames, hanya shimfiɗaɗɗiya, benci a kowane ɗan taki, shagunan shayi suna kallon ruwa. Mai sauran ƙarfi ya hau Richmond Hill ya ga kogi ya yi lanƙwasa a ƙasa, kallon da majalisar dokoki ta kafa dokar kare shi tun 1902. Abu ɗaya za a lura: har nan ruwan teku yana turo kogi, kuma in ya yi babban cika yakan hau kan hanya. Mashayar White Cross ta yi suna a kan haka, ruwa yakan tare ƙofarta. A duba lokacin cikar ruwa kafin a fita.

A gabashin birni Victoria Park ne ke gogayya da Battersea. An buɗe shi a 1845 domin talakawan East End da ba su da wurin shan iska, faɗinsa kimanin hekta 86, kuma shi ma shimfiɗe yake. Titin Grove Road ya raba shi biyu: yamma akwai tafki da shagon Pavilion a bakinsa, gabas kuma fili ne fetal na gudu. A wata ƙofarsa ma akwai gumakan karnuka biyu, kwafin waɗanda aka kafa a 1912. Ga ƙaramin kare mai son mutane da hayaniya, nan ya fi Battersea armashi, musamman ranar Lahadi da ake cin kasuwar abinci a ciki. Ga mai tsoro kuwa hayaniyar ta yi yawa, a watan Agusta kuma ana killace wani babban yanki don bikin kiɗe-kiɗe.

Abu biyu ne suka sa na ajiye shi a bayan Battersea. Na farko hanyar bakin Regent's Canal, wato mashigar ruwan da aka haƙa aka kammala a 1820, mai tsawon kusan kilomita 14 daga Paddington zuwa Limehouse. A hoto tana da kyau ƙwarai, kuma mutane da yawa ita suke bi su shigo filin. Amma siririya ce, ruwa a gefe ɗaya ba shinge, katanga a ɗaya gefen, masu keke kuma suna bin ta zuwa aiki. A ƙarƙashin gadoji hanyar takan matse har ba ka ganin mai zuwa. Mai keke yana ganin mutum, ba ya ganin kare mai tsayin ƙwauri, balle igiya mai miƙewa da ta ratsa hanya. In za a bi, a naɗe igiya gajere, kare ya kasance ta ɓangaren katanga. Na biyu titunan da za a ratsa kafin a isa, domin babu tashar ƙarƙashin ƙasa a bakin ƙofa, daga Mile End ko Bethnal Green sai an taka. Shagunan soyayyar kaza sun yi yawa a wannan yanki, ƙasusuwa kuma a zube a gefen titi. Ƙaramin kare hancinsa a ƙasa yake, kafin ka ankara ka ji ƙas a bakinsa, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya yi tsini a hanji. Ido a ƙasa har a shiga ƙofa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. A ƙidayar 2021 kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna Tower Hamlets, inda filin yake, Musulmi ne, kuma da yawansu mazhabarsu ta fi tamu tsanantawa a kan yawun kare. Mutum ya yi alwala ya sa tufa mai tsabta zai tafi masallaci, ko iyali sun shimfiɗa abinci a kan ciyawa, bai kamata karenka ya je yana shinshina su ba, kome ƙanƙantarsa, kome kirkinsa. Mu ya fi kamata mu gane wannan, ba sai an faɗa mana ba.

Greenwich Park wurin zuwa ne jefi-jefi: tudun da ake hawa zuwa gidan nazarin taurari na 1675 yana da tsayi, masu yawon buɗe ido sun cika shi, lambun furanni kuma ba a shiga da kare. Abin da ya fi daɗi shi ne zuwa ta jirgin ruwa, wanda ke ɗaukar kare a igiya. Hyde Park da Kensington Gardens suna da kyau ga wanda ke zaune kusa, amma ban ga dalilin ƙetare gari dominsu ba.

Yanzu batun zama, shagon shayi ko mashaya. Babu dokar da ta hana shigar da kare wurin cin abinci a Ingila. Abin da doka ta hana shi ne ya kai inda ake dafawa ko ajiye abinci; sauran ra'ayin mai wuri ne, ban da karen jagora na makafi da masu buƙata ta musamman, wanda dokar daidaito ta 2010 ta wajabta a bari. Saboda haka shaguna biyu a jere, ɗaya zai ba kare biskit, ɗaya ya ce a tsaya a waje. A duba ƙofa, yawanci akwai alama, in babu a leƙa a tambaya.

In don jin daɗin kare ne kawai, gaskiya mashaya da rana ta fi shagon shayi. Akwai fili tsakanin tebura, akwai lungu inda zai kwanta ba wanda zai taka shi, sau da yawa akwai murhu cikin hunturu, ba kuma wanda zai matsa maka ka tashi. Da yawa suna barin kare a ɓangaren kanta amma ba a ɗakin cin abinci ba, don haka mai kama tebur tun daga gida ya faɗa cewa da kare zai zo. Lokutan gudu su ne tsakar ranar Lahadi, da kowa ke fitowa cin gasasshen nama, da daren Juma'a, da duk lokacin da ake nuna ƙwallo, domin ihun cin ƙwallo ɗaya ya isa ya sa kare ya fizge. Kada kuma arha ta ja ka zuwa mashayun kamfanin Wetherspoon: tun 2018 suke tsaurara dokar hana karnuka, har a kujerun waje.

Shagon shayi na kan titi matsattse ne. Layi ya kai ƙofa, keken jarirai ya tare hanya, ana wucewa da kofuna masu zafi ta saman kan kare, injin kofi yana huci. Ƙasan tebur kuma akwai ɓarɓashin kek, alhali cakulan da zabibi da inibi duk guba ne ga kare, haka albasa, haka sinadarin zaƙi na xylitol da ake sa wa cingam da wasu kayan zaƙi. Gubar da nauyin jiki take tafiya, abin da babban kare zai ci ya wuce lafiya shi zai kai ƙarami asibiti. Amma da yawa daga cikinmu ba za su zauna inda ake shan giya ba, ko da shayi za su sha, kuma ban ga dalilin da mutum zai bar abin da ya yi imani da shi saboda kare ya samu lungu ba. Mafita ita ce shagon shayi na cikin fili, mai kujeru a waje, inda akwai sarari kamar na mashaya kuma ba a matse ba. Wasu daga cikinsu ma suna sayar da giya, musamman da yamma, don haka safiya ta fi. Wannan shi ne ya ƙara ɗaga Battersea da Victoria Park a wurina: mai gudun mashaya ba ya rasa kome a can, alhali a Hampstead cikin hunturu ya rasa rabin abin da ke sa wurin daɗi. Duk inda za a zauna a zo da ɗan tawul a shimfiɗa masa a ƙasa, kada a ɗora shi a kujera, a kuma zo da kwanon ruwansa, domin kwanon ƙofar shago bakuna da yawa sun shiga, akwai kuma tari mai yaɗuwa tsakanin karnuka.

A nan ƙanƙanta take biyan bashinta: tafiya. Kare yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas kyauta a Landan, a igiya ko a jaka, ba a kan kujera ba, a jiragen ƙasa na nesa ma ana barin mutum ya shiga da biyu ba tare da biya ba. A kan matakala mai motsi dole a ɗauke shi, saboda haƙoran ƙarfen da ke ƙarshenta suna kama farce da gashin ƙafa. Mai babban kare sai ya nemi tasha mai lif, kai kuwa ka saɓa shi a hannu ka wuce. Cikin zafi a zaɓi layukan da ke da na'urar sanyi, irin su District, Overground da Elizabeth, a guji Central da Northern da rana tsaka. Mu da muka san zafin Afrilu a Sakkwato mukan raina na Landan, amma ranar 19 ga Yulin 2022 ma'auni ya haura digiri 40 a Heathrow, kuma kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jiki. Masu gajeren hanci, irin su pug da French bulldog, hakin ma ba ya wadatar da su. A irin wannan rana a ɗora bayan hannu a kan kwalta, in ba a iya jurewa na daƙiƙa biyar ba to shi ma tafinsa ba zai iya ba. Inuwar kurmin Hampstead da sassafe ta fi fetal ɗin Victoria Park a lokacin. Kada kuma a bar shi ya sha ruwan tafkin da ya yi kore, domin akwai gansakuka mai guba da ke tasowa cikin zafi. A Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Victoria Park ana rufe ƙofofinsa da magariba, don haka yawon hunturu na hantsi ne.

Saura wanda karen ba nasa ba ne, kuma su ne da yawa a cikinmu. Amana ce, kuma a idon doka wanda ke riƙe da igiya shi ma yana da alhakin abin da karen ya yi. Kafin a fita a duba wuyansa: dokar 1992 ta ce dole ya kasance da abin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi, kuma tun Afrilun 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, rashin yin haka tararsa tana kai fam 500. A sa leda fiye da ɗaya a aljihu, domin barin kashi a ƙasa yana jawo tarar da kan kai fam 100 nan take, in ta je kotu har fam 1,000. A tambayi mai shi abin da karen ke tsoro, da abin da ba ya ci, da lambar likitansa. Kada a saki igiya sai mai shi ya yarda da bakinsa, ko ya yarda ma a jira har karen ya saba da muryarka, domin kiran da yake amsa wa mai shi ba lallai ya amsa maka ba. A fitar farko a zaɓi fili shimfiɗaɗɗe mafi kusa da gida, Battersea ga na kudu, Victoria Park ga na gabas, da safe kafin jama'a su cika, a zagaya rabin awa, a zauna a bakin tafki ya huta, a mayar da shi gida kafin ya fara jan ƙafa.